Amsa: Karanta Ruwan Bagaja da 'yan firamare

Malama, kin tambaya ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam bai yi wa 'yan firamare nauyi ba. Ga aji biyar da shida daidai yake. Ƙasa da haka, ki ba su labarin da baki kawai.

Matsalar ita ce Hausarsa. An rubuta shi ne don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, akwai kalmomin da yaran yanzu ba sa ji a gida. Kafin darasi ki tsamo biyar, kada su wuce haka, ki rubuta a allo, ki sa kowace cikin jimla. A darasin minti 35, wannan ya ci minti biyar, karatu goma sha biyar, saura tattaunawa.

Ke za ki fara karantawa da babbar murya, kina sauya murya tsakanin Alhaji Imam, tauraron labarin, da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe. In aka ce kowane yaro ya karanta layinsa tun farko, masu in'ina sukan ji kunya, sauran kuma zaren labarin ya ɓace musu. Ki tsaya daidai inda ya ɗauko daɗi, ki tambaye su me zai biyo baya.

Ki manna kwali a bango, duk garin da Alhaji Imam ya sauka a zana shi, don garuruwan suna rikita yara.

Ramuwar gayya da yaudarar da ke tsakanin mutanen biyu kuwa, kada ki tsallake. Yara kan yi musu tafi, sai ki tambaye su wa aka cuta a nan.