Marsiyya, marigayi da budurwar wawa: amsoshin wannan mako

Wata ɗaliba daga Damagaram ta ce: Malam, marsiyya ita ce waƙar baƙin ciki?

A'a 'yata, ba kowane baƙin ciki ba ne. Kalmar Larabci ce, marthiyya, harshenmu ya mai da "th" ɗin "s" kamar yadda ya yi wa Usman da hadisi. Waƙa ce ta wanda ya rasu, ana ambaton halayensa na kirki, a yi kukan rashinsa, a roƙa masa gafara. Larabawa har gobe suna buga misali da mawaƙiyarsu Hansa'u kan waƙoƙin kukan rashin ɗan'uwanta Sakhru. Mu kuma a nan ga Nana Asma'u 'yar Shehu, ta yi wa yayanta Muhammadu Bello marsiyya da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, kuma abin da nake so a lura da shi, ba sarauta ko dukiya take lissafawa ba, ilimi ne da adalci da tausayin talakawa, wato tana kuka tana karantarwa a lokaci guda. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro budurwa ta yaudare shi ya rubuta baiti huɗu a Facebook ya sa masa suna marsiyya. Wa ya mutu? Wannan ai koke ne.

Wani ya ce: marigayi ne ko margayi?

Marigayi. Daga rigaya yake, wanda ya riga mu, kamar yadda ake cewa ya riga mu gidan gaskiya. In ka haɗiye "i" ɗin nan ka ɓoye tushen, alhali duk nauyin kalmar a tushen yake, don ba a cewa wani ya riga ka sai in hanyarku ɗaya kuma kana tafe a bayansa. Abin da mawaƙan wa'azi ke shafe baitoci suna nanatawa ke nan, Aliyu Namangi na Zariya a waƙarsa Imfiraji ma haka, ga shi kalma ɗaya ta ɗauke.

Mene ne kwanta dama?

Yadda ake kwantar da mamaci a kabari, kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla.

Malam, akuyata ta rasu, daidai ne?

Ta mutu dai, Allah ya mayar maka da alheri. Rasuwa daga rasa take, ladabi ne da ake yi wa ɗan Adam.

Wani dattijo daga Kumasi ya tambayi "duniya budurwar wawa".

Baba ai kun fi mu sani. Mawaƙanmu na da sukan siffanta duniya da mace mai kwalliya, ta yi wa wannan murmushi gobe ta koma wa wancan, ba ta taɓa zama a ɗakin kowa ba. Mai hankali zai gaisa da ita ya wuce. Wawan shi ne ke kai kayan lefe.