Ƙwayar da ba ta jin magani: me zan sayo wa Baba?

Tambaya: Mahaifina kwanansa huɗu a asibiti da ciwon huhu. Likita ya ce ƙwayar numokokas ce, kuma maganin farko bai kama ta ba. Wani ɗan uwa ya ce in sayo Augmentin a waje in haɗa masa, wai ya fi ƙarfi. In saya?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar uwa. Kada ki saya.

Augmentin haɗi ne na amoksisilin, wanda dangin penisilin ne, da wani sinadari wanda aikinsa kare maganin daga ƙwayoyin da ke fitar da abin da ke lalata shi. Numokokas kuwa ba ta wannan hanyar take bijirewa ba. Sauya siffar wurin da penisilin ke maƙale mata take yi, sai magani ya zo ya rasa madafa. Don haka wancan ƙarin da za ki biya kuɗinsa ba abin da zai tsinana a kanta. Sau da yawa a ciwon huhu, ƙara yawan penisilin ko amoksisilin ɗin ne ke cin ta, ko a koma allurar seftiriyakzon. In ta kai ga sanƙarau, akan haɗa da bankomaisin. Wannan lissafi na likita ne, domin sai ya duba nauyin Baba da lafiyar ƙodarsa.

Matsalar bijirewar numokokas ga magani ta daɗe. A 1967 aka fara ba da rahotonta a Ostareliya, a 1977 kuma aka ga mai bijire wa magunguna da dama a Afirka ta Kudu. Azitromaisin da mutane ke rububinsa ma, a ƙasashe da yawa ta daina jin sa.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ake bai wa majinyaci a ɓoye. Yana rikita gwajin jini da na kaki, likita ya kasa gane abin da ke aiki. Ki nemi a nuna miki takardar gwajin da ta jera magungunan da ƙwayar ke ji, ki kuma faɗa wa likita duk abin da Baba ya sha cikin wata ukun da suka wuce.

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 68 da ciwon suga. Rigakafin numokokas ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗan uwa. Ita da masu sikila, da masu cutar ƙanjamau, da waɗanda aka cire wa saifa, su ne a sahun gaba. Allurar iri-iri ce: akwai PCV13, akwai PCV20 da aka amince da ita a Amurka a 2021, akwai kuma tsohuwar PPSV23 ta 1983. Lambar tana nuna yawan nau'in ƙwayar da allurar ke tarewa. In PCV20 ta samu, guda ɗaya kan wadatar da babba. In ba ta samu ba, likita ya tsara mata sauran biyun da tazarar da ta dace. Ka tabbatar an ajiye allurar a firji, ba ta daskare ba.