Wari daban, ɓari daban

Wata ɗalibar kimiyya ta rubuto: "Malam, na nemi kalmar dayad a ƙamus na Larabci, sai na ga zauj, na kuma ga sunā'i. An ce ana kiran ɓangarori biyu na kuromosom da ita. Wacce zan ɗauka, kuma me za mu ce da Hausa?"

'Yata, dayad daga Girkanci take, biyu kawai take nufi. Zauj ce mai santsi. A tsohon Larabci, zauj ɗaya ne daga cikin abubuwa biyu da ke tafiya tare, wato abin da muke kira wari, kamar warin takalmi. Shi ya sa Suratul An'am, aya ta 143, ta ce "samāniyata azwāj", alhali dabbobin iri huɗu ne, kowanne namiji da tamace. Larabcin yau kuwa yakan kira duka biyun zauj. Sunā'i ba ta da wannan rikici, ita za ki ɗauka.

Amma fa biyu iri biyu ne a cikin ƙwayar halitta. Ɗan Adam yana da kuromosom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar, an jera su biyu-biyu sau 23, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Waɗannan su ne wari da wari, nan zauj ta zauna daram. Kafin ƙwayar ta rabu kuma, kowane kuromosom yakan kwafi kansa, ya zama zare biyu da ke manne a ƙugu, jimilla 92. Kowane zare shi ne kuromatid, Larabawa suka ce shiƙƙ sibgī. Sibg rini ne, domin kuromosom yana shan rini sosai, dalilin sunan kuromosom, wato jiki mai launi, da Bajamushe Waldeyer ya raɗa masa a 1888 ke nan.

Shiƙƙ ɗin nan ta fi burge ni, don mun daɗe da ita a bakinmu ba mu lura ba. Tushenta ɗaya da shaƙiƙi, ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kamar abu guda aka tsaga. Hausarta ɓari.

Ni dai ba na son a ce rabi. Kowane zare cikakken kwafi ne, bai rasa komai ba. Muddin suna manne, su ne dayad ɗin da kike tambaya, ki kira su tagwaye. In an ja su sun rabu, kowanne ya zama kuromosom mai cin gashin kansa.