Likita, in sake ƙarin ruwa kafin mu rufe lissafin shekara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni akanta ne a wani kamfanin kayan masarufi a Kano. Duk Disamba aiki kan sha kaina: ƙidayar kaya a sito, rufe littattafai, ga masu binciken kuɗi na tafe a Janairu. Yanzu barcina bai wuce awa huɗu ba, ƙeyata na sarawa, gabana na faɗuwa babu dalili. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce taifod ce, ya saka mini ruwa leda biyu. Na ɗan ji daɗi, sai abin ya dawo. In sake ne? Ina tsoron kada in faɗi kafin mu gama.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron nan naka yana kan hanya. Gobe da safe ka je asibiti a auna maka hawan jini, a zaune, bayan ka huta minti biyar, a maimaita. In ya kai 140/90 ko ya haura, ka ga likita a cikin makon nan, kada ka ce sai an rufe littattafai. A duba sukari da yawan jini a tafiya ɗaya.

Ƙarin ruwa kuwa, a'a. Kada ka sake.

Babu ranar da ba na jin wannan magana: "Likita, jikina ya mutu, a ɗan saka mini ruwa." Me ke cikin ledar? Idan ruwan sukari ne mai kashi 5 cikin ɗari, ledar rabin lita giram 25 na sukari ne a ciki, bai ma kai na kwalbar lemo ɗaya ba. Idan ruwan gishiri ne, giram 9 ne a kowace lita. Leda biyun da aka ɗura maka, in na gishiri ne, sun kusa ninka giram 5 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mutum ya wuce a yini, kuma kai tsaye cikin jijiyar mutumin da ƙeyarsa ke sarawa, wanda babu wanda ya auna jininsa. Launin ɗorawar da ke burge mutane kuwa bitamin ne kawai aka tsiyaya a ciki. Daɗin da ka ji na kwanciyar da ka yi ne, awa biyu ko uku babu waya babu oga, watakila har barci ya ɗauke ka. Da ka yi wannan a ɗakinka da ka samu kyauta.

Ana yin ƙarin ruwa ga wanda amai da gudawa suka tsotse, ko wanda ba ya iya sha ta baki, ko wanda za a yi wa aiki. Mai iya ɗaukar kofi ya kai bakinsa ba ya buƙatarsa. Mun sha karɓar masu ciwon zuciya ko na ƙoda da aka cika wa jiki da ruwa a bayan kanti har ya taru a huhu, suna haki. Wasu ma har deksa, wato allurar rage kumburi ta dexamethasone, ake haɗa musu a ledar don su ji garau, ita kuma tana tayar da sukari da hawan jini.

Ita kuma taifod ɗin, da me ya gano ta? Ko da gwajin jinin taifod na Widal ya yi, ɗiba ɗaya ba ta tabbatar da komai a ƙasar da yawancinmu mun taɓa cuɗanya da ƙwayar cutar. Ka ambaci zazzaɓi a wasiƙarka? Ba ka ambata ba. Mai kemis lasisinsa na sayar da magani ne, ba shi da hurumin saka wa kowa ruwa, amma ga su nan unguwa-unguwa da gado da labule, masu sa ido kuma sun sa ido sun yi shiru.

Abin da ke damunka, in gwaji ya fito lafiya, awannin aikinka ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna masu aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki a wurinsu ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari, in an gwada da masu awa 35 zuwa 40. Lissafa naka, ai sana'arka ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ko yanzu akwai abin yi. Ɗauki takarda ka rubuta duk aikin da ya rage, kowanne da ranarsa ta gaskiya. Za ka ga kaɗan ne dole a gama ranar 31 ga Disamba, kamar ƙidayar sito. Saura na Janairu ne, oga ne dai ke so a ajiye masa da wuri. Kai masa takardar, ka ce ga abin da mutum ɗaya zai iya, ga wanda sai an ba ka mataimaki, ya zaɓa da kansa. Aikin da ke son natsuwa ka yi shi da safe. Bayan Azahar ka ɗan kishingiɗa minti ashirin. Shayi mai kauri, kofi da lemon ƙara kuzari, a daina su daga La'asar. Barci awa bakwai. Bukukuwan Disamba kuma, halarci ɗaurin aure ka yi addu'a ka koma gida, babu wanda zai kai ka ƙara don ba ka je walimar dare ba. In wani abokin aiki ya miƙo maka tiramol wai don ka jure, ka mayar masa da abinsa.

Iyalinka su san wannan: in suka ga bakinka ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, ko ka dafe ƙirji kana gumi, a wuce da kai sashen gaggawa na babban asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya a kemis.