Amsa ga jikata a kan kwanukan jeren kakarta

Amaryata Hadiza, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso ni ranar Laraba bayan la'asar, kuma sai da na sa ƙaninki ya sake karanta mini shi, domin a karon farko dariya ta hana ni jin ƙarshensa. Kin ce kina so ki kwashe kwanukan jeren marigayiya kakarki, Allah ya jiƙanta, samira da fanteka da kwalla, ki kai wa mai walda ya haɗa su su zama hasumiya, sannan ki aika da su baje kolin masu zane a ƙasar waje, kamar yadda wani Ba'indiye mai suna Subodh Gupta yake yi, kina kuma tambaya ko al'ada ta hana. Da dariyar ta lafa sai jikina ya yi sanyi, domin na ga da gaske kike yi.

Mutumin da kika ambata ba baƙo ba ne a wurina, domin tun da na baro Indiya ban daina bibiyar labarinta ba. An haife shi a 1964 a Khagaul, wani garin ma'aikatan jirgin ƙasa a jihar Bihar, ya yi karatun zane a Patna, sannan ya koma Delhi yana neman abin kansa. Abin da ya fito da sunansa shi ne kwanukan ƙarfe masu ƙyalli waɗanda ba a rasa su a ɗakin girkin talakan Indiya da mai kuɗinta. A 2006 ya haɗa su suka zama ƙaton ƙoƙon kan mutum, aka nuna shi a birnin Faris, shekara ta zagayo aka girke shi a bakin ruwa a Venice ta Italiya. Ni dai siffar ba ta kwanta mini ba, amma na gane abin da yake nufi, wato kwanon da ba kowa a ciki yunwa yake nunawa, komai ƙyallinsa.

Sai dai labarin Bihar ya mayar da ni 1979, lokacin ina ɗalibi a can ina koyon aikin ban ruwa, ban ma auri kakarki ba. Wani abokin karatuna ya gayyace ni bikin ƙanwarsa a ƙauyensu da ke kusa da Madhubani, dab da iyakar Nepal. Muka kwana a jirgin ƙasa, muka ƙarasa a keken shanu, ƙura ta mayar da mu kamar masu haƙar rijiya. Kwana biyu kafin biki na tarar da matan gidan sun taru a wani ɗan ɗaki da suke kira kohbar, wanda nan ne amarya da ango za su fara zama. Sun shafe bangon da ƙasa da kashin shanu ya yi sumul, suna zane a kansa da tsinken gora da aka naɗa wa auduga a baki. Baƙin launi daga kunkunniyar fitila suka samo shi, rawaya daga gangamau, fari daga niƙaƙƙiyar shinkafa. An bar ni na tsaya a bakin ƙofa kawai, saboda ni namiji ne kuma baƙo, daga nan na hango bado da gora da kifi da kunkuru da aku, ga rana ga wata, ba su bar ko tafin hannu na bangon babu zane ba, suna yi suna waƙa har duhu ya shiga.

Washegari wani mutum ya zo daga Delhi da jaka, yana sayen irin wannan zane da aka yi a takarda, domin tun farin da ya auka wa yankin a 1966 hukumar sana'o'in hannu ta raba wa matan takardu don su zana su sayar su ci abinci. Tsohuwar da ta shugabanci aikin ɗakin amarya ita ce ta fito masa da takardu, suka yi ciniki mai zafi, ba ta rage masa ko rufi ɗaya na kuɗinsu ba. Amma da ya nemi ya shiga ɗakin ya ɗauki hoton bangon, sai ta tare ƙofa da jikinta. Na tambayi abokina abin da ta ce, ya amsa mini cewa ta ce na takarda na baƙo ne, na bango kuwa yana da mai shi, kuma mai shi ba ta riga ta gani ba. Na tuna mahaifiyata da ke cewa ɗakin amarya sirrinta ne, shi ya sa 'yan jere ba sa barin kowa ya leƙa sai sun gama kafa kwanon ƙarshe. Na yi mamakin jin maganar Inna a bakin wata tsohuwa da ba ta taɓa jin sunan ƙasar Hausa ba.

Kada ki ɗauka ina cewa fitar da abin gida waje laifi ne. Daga wannan yankin Ganga Devi ta fito, wadda takarda ta kai ta har Amurka a 1985, ƙasarta kuma ta karrama ta da lambar Padma Shri. Amma hanyar ba duka take da daɗi ba. Jangarh Singh Shyam yaro ne ɗan ƙabilar Gond da aka gano yana zane a bangon ƙauyensu, aka kawo shi Bhopal, aka nuna aikinsa a wani babban baje koli a Faris a 1989, ya kuma rasu a Japan a 2001, nesa da iyalinsa, bai cika shekara 40 ba. M. F. Husain, wanda ya fara da zanen allunan tallar silima a Bombay har duniya ta san shi, ya zana allolin Hindu a yanayin da ya fusata mutane da yawa, ƙararraki suka yi masa yawa, ya bar ƙasar a 2006, ya karɓi takardar zama ɗan Katar, ya rasu a Landan a 2011 bai sake taka ƙasarsu ba. Mahaifina yakan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma duk lokacin da na tuna tsohon nan da ya saba yawo ba takalmi a titunan Bombay, sai maganar ta dawo mini.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne farashin gwanjo kuke fara gani a waya kafin ku ga wahalar da ke bayansa. Kin rubuto mini cewa matar Gupta, Bharti Kher, ta lulluɓe siffar giwa da ɗigon nan da matan Indiya ke mannawa a goshi, aka sayar da ita a Landan a 2010 kusan fam miliyan ɗaya. Gaskiya ne, amma ita da aka haifa a Landan komawa ta yi Indiya ta zauna shekaru kafin ɗigon ya zama nata. Ko su Indiyawan sun gaji da jiran a kira su Turai, shi ya sa a 2012 wasu masu zane biyu, Bose Krishnamachari da Riyas Komu, suka buɗe nasu baje kolin a garin Kochi na Indiya, cikin tsofaffin rumbunan ajiyar kaya na bakin teku, yanzu duniya ce ke zuwa musu. Ke kuwa kin san sunayen waɗannan duka, amma ina shakkar ko za ki iya gaya mini wace kwalla ce kakarki ta zo da ita daga gidansu, wace ce kuma ta saya da kuɗin adashe bayan haihuwar mahaifinki. Kakata takan ce kayan aro ba ya rufe katara, ni kuma ina tsoron kada kwanukan su zama namu, tunanin ya zama na mutumin Bihar.

Game da hani kuwa, ban taɓa jin wani dattijo ya hana ba, domin ba wanda ya taɓa tunanin za a tambaya. Abin da na sani shi ne kayan nan gado ne, ba a raba su ba tukuna, kuma goggonninki uku suna da bakin magana a kansu fiye da ni. Na kuma san fentin samira ba ya jure wutar walda, zai farfashe ne ya bar ki da baƙin ƙarfe. Idan an yi hutu ki zo, makullin kabad ɗin yana wurin Goggo Asabe, ki zauna ta sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Ki fara tambayarta labarin koriyar fantekar nan mai tabo a baki, domin ni ne na yar da ita a makon farko na aurenmu, kuma har kakarki ta rasu ba ta yarda an canza ta ba.