Amsa: Wace ƙusa ta dace da rufin kwano?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙusa mai hula za ka yi amfani da ita ko sukuru, saboda rufinka na farko ya fara yoyo tun bai tsufa ba. Ni dai sukuru nake ba ka shawara, mai washa ta ƙarfe da robar EPDM (roba mai jure rana da ruwa) a ƙarƙashin kansa. Kwano yana miƙewa da rana, ya takure da dare, sannu a hankali wannan motsin ke zaro ƙusa daga katako, ruwa ya samu hanya.

Amma duba abin da kwanon zai kwanta a kai. In katako ne, nemi sukuru mai tsini da manyan zare (layukan da suka nannaɗe jikinsa), ya shiga katakon aƙalla milimita 25. In ƙarfe ne, sai mai bakin da ke huda da kansa, zare uku su fito ta ƙasa.

Wajen ɗaurewa ne aiki ke lalacewa. Riƙe injin ɗaure sukurun a miƙe, kada ya karkace. Ka zuba wa robar ido: da ta ɗan kumbura ta kai bakin washar, tsaya nan. In ka ga ta baje ta tsattsage, ko kwanon ya loɓa, ka wuce gona da iri, cire ka sa sabo. A kwano mai tudu da kwari, kan tudu ake hudawa, don kwarin hanyar ruwa ce.

Ka ƙara yawan sukurun a gefuna da kusurwoyi, nan iska ke fara ɗaga rufi. Kada jan ƙarfe ya taɓa kwanon alminiyam, cinye shi zai yi. Kuma don Allah a share ɓarɓashin hudar a ranar, raɓa ɗaya ta isa ya bar tabon tsatsa.