Hukuncin sakin mace don ta haifi ɗa mai otizim

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mazaunin Zinder ne, a unguwar Birni, ina sayar da atamfa a Kasuwar Dole. Matata ɗiyar kawuna ce, ƙanin mahaifiyata. 'Ya'yanmu uku: mata biyu lafiya lau, sai autan namiji, shekararsa 4 har yau bai buɗe baki ba. In ka kira sunansa ba ya waiwayowa, amma ko motsin ledar biskit ya jiyo daga ɗaka sai ya fito. Wuni yake yana jera murafen kwalba a gindin garu, in aka taɓa ɗaya ya kama ihu yana buga kai. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, an yi masa ruƙiya. Daga baya likitan yara ya ce otizim ne, abin da wasu ke kira galahanga, kuma ana gadonsa. Da Hajiyarmu ta ji haka sai ta ce dama ta sani, ai ƙanin matata ma haka yake, kuma daga dangin uwarsu abin ya fito. Ta ce in sake ta in auro bare kafin ta cika mini gida da irinsa. Gwaggona kuma ta ce allurar rigakafi ce. Shin wajibi ne in bi umarnin Hajiya? In ban sake ta ba, ya halatta mu dakata da haihuwa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya ba ku ladan ɗawainiyarsa.

Ɗan'uwa, bai wajaba a kanka ka saki matarka don Hajiya ta ce ba, kuma sakinta a kan wannan dalili zalunci ne.

Gadon hali da kama a jini ba baƙon abu ba ne a shari'a. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) ya ce matarsa ta haifi ɗa baƙi, yana nufin ɗan ba nasa ba ne. Annabi ya tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce e. Wane launi? Ya ce jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. To daga ina ya zo? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Annabi ya ce: shi ma ɗanka wataƙila jijiya ce ta fizgo shi. Ka lura, Annabi ya tabbatar da gado, amma ya yi amfani da shi ne don ya wanke matar. Bai ce jijiyar daga wane ɓangare ta zo ba, bai kuma ba mijin ƙofar zargi ba. A gidanku an juya hadisin ne, an ɗauki gado an mayar da shi sanda.

Likitanku gaskiya ya faɗa. Tun 1977 wasu likitoci biyu a Ingila, Folstein da Rutter, suka duba tagwaye suka ga waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya sun fi yin tarayya a wannan lalura nesa ba kusa ba. A 2019 aka fitar da wani babban bincike na mutum sama da miliyan 2 a ƙasashe biyar, ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan lalura daga ƙwayoyin gado yake. Sai dai kada ka fahimci lambar a karkace. Ba ana nufin duk ɗan da matarka za ta haifa yana da kashi 80 na kamuwa ba. Kuma ba ƙwaya ɗaya ce da uwa ke miƙa wa ɗa ba: ɗaruruwa ne ƙanana, wasu daga uwa, wasu daga uba, kowane ɗayansu yana yawo da nasa rabon lafiya lau, sai sun taru a jikin yaro guda abin ya bayyana. Wani lokaci ma sabon canji ne yake faruwa a maniyyi ko a ƙwan mace, wanda babu shi a jikin iyayen duka biyu.

To a nan zan tambayi Hajiya, cikin ladabi: wa ya tabbatar mata daga dangin uwar yarinyar ne? Shi wannan ƙanin matar taka ɗan ƙanin Hajiya ne. Rabin jininsa na gidan su Hajiya ne, kuma wannan jinin ne ya biyo ta kanta ya zo gare ka. Ba ina cewa daga ita ne ba. Ina cewa ne maganar da ta yi babu hujja a kanta, Allah kuwa Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa. Irin wannan ɗora wa uwa laifi Turawa ma sun yi shi. Bayan likita Leo Kanner ya siffanta lalurar a Amurka a 1943, an ɗauki shekaru ana cewa rashin sakin fuskar uwa ne ke jawo ta, mata da yawa suka sha baƙin ciki a banza kafin a watsar da zancen.

Gadon kuma ba shi kaɗai yake aiki ba. Ko a tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ana samun ɗaya da lalurar ɗaya babu, alhali jininsu guda ne. Kamar irin gero ne: tiya ɗaya za ka raba, rabi a shuka a Magarya rabi a Tanut, amfanin ya bambanta saboda ruwa da ƙasa, amma ƙasar ba za ta mayar da gero dawa ba. Abubuwan da aka gano suna ƙara haɗarin mafi yawansu a lokacin ciki da haihuwa suke: haihuwar bakwaini, doguwar naƙuda da ta sa jariri ya rasa iska, ciwon suga ga mai ciki, cutar rubela, mai kama da ƙyanda, idan ta kama mai ciki, da maganin farfaɗiya da ake sayarwa da sunan Depakine. Kowanne ɗan ƙari yake yi, kuma mafi yawan yaran da suka gamu da su ba sa samun otizim. Wanda dama jininsa na ɗauke da shirin abin, shi ne ƙaramin dalili kan iya tunkuɗawa. Akwai kuma yawan shekarun iyaye, har da na uba. Maza ba sa son jin wannan, amma mai furfurar da ya saki uwar 'ya'yansa ya auro budurwa don gudun gado, da nasa rabon ya shiga ɗakin amarya.

Maganar gwaggo kuwa a bar ta. Asalinta wani likita ne a Ingila, Andrew Wakefield, da ya buga rahoto a wata mujallar likitoci a 1998 a kan yara 12, yana alaƙanta allurar rigakafi da otizim. An gano maguɗi a ciki, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma ƙwace masa lasisin aiki. A Danmak an bi yara sama da 650,000 ba a ga alaƙa ba. Alamun otizim suna fitowa ne a shekarun da ake yin allurai, shi ya sa ake haɗa su. Ƙyanda kuwa mun san abin da take yi wa yara a ƙasar nan, don haka kada ku hana 'ya'yanku rigakafi.

Mu koma fiƙihu. Biyayya ga uwa wajibi ce a cikin abin da yake ma'arufi, ba a cikin cutar da wani ba. Wasu za su kawo maka hadisin Abdullahi ɗan Umar, da mahaifinsa ya umarce shi ya saki matarsa Annabi ya ce ya bi. An kawo wa Imamu Ahmad wannan hujja, ya ce wa mai tambayar: sai in ubanka ya zama kamar Umar. Wato umarnin da aka gina a kan dalilin addini daban, wanda aka gina a kan zato daban. A mazhabarmu ta Malikiyya ma aibobin da ake mayar da mace saboda su, kamar yadda Risala ta lissafa, huɗu ne: hauka, kuturta, albaras da ciwon farji, kuma duka a jikinta ne ita kanta. Lalurar ƙaninta ko ta ɗanta ba ta cikin lissafin. In ka furta sakin zai auku, amma ka raba yaron da ba ya magana da wadda ta fi kowa gane abin da yake nufi in ya ja hannunta zuwa bakin randa. Irin waɗannan yara canjin wurin kwana kaɗai yana birkita su, balle rabuwa da uwa. Ka lallashi Hajiya, ka ƙara mata alheri, ka sa wanda take jin nauyinsa ya yi mata bayani, in da hali kawun naka da kansa.

Auren zumunci halal ne, Suratul Ahzab aya ta 50 ta ambaci 'ya'yan baffa da na kawu, Annabi kuma ya aurar da Fatima ga Aliyu. Maganar da ake yawo da ita a matsayin hadisi, wai kada ku auri dangi na kusa don ɗa yakan fito raunanne, malaman hadisi ba su samo mata asali ba. Amma gaskiya ne auren dangi yana sa ƙwayoyin gado iri ɗaya su haɗu, shi ya sa idan 'yan matanka suka isa aure, nema musu miji a waje ya fi, kuma wannan ba yanke zumunci ba ne.

Dakatar da haihuwa na wani lokaci ya halatta idan kun yarda ku biyu. Sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani yana sauka, kamar yadda Jabir ya faɗa, Imamu Malik kuma ya sharɗanta izinin matar. Ku yanke shawara da sanin lissafin: binciken da aka yi a kan ƙannen irin waɗannan yara ya nuna kusan ɗaya cikin biyar ne ke samun lalurar, huɗu ba sa samu, kuma ta fi kama maza. Abin da bai halatta ba shi ne yanke haihuwa gaba ɗaya ba tare da larurar lafiyar uwa ba, ko zubar da ciki don tsoron abin da ba a tabbatar ba. In ciki ya samu, ta riƙa zuwa awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa, a auna mata suga, ta haihu a hannun ma'aikatan lafiya, kada kuma ta fara ko ta daina wani magani sai da izinin likita.

Shi yaron, addu'a da ruƙiya da ayoyin Alƙur'ani babu laifi, amma a daina turnuƙe shi da hayaƙi, kada kuma a bari wani ya doke shi ko ya ɗaure shi da sunan fitar da iska. A sa a gwada jinsa, a nemi masu koyar da magana, a bar masa murafen kwalbarsa, ta nan ma ake fara koya masa ƙirga da launi. Idan ya balaga, salla da azumi suna hawa kansa gwargwadon hankalinsa. Wasu masu otizim hankalinsu cikakke ne, hukuncinsu na kowa ne, wanda kuwa bai san ma'anar ibada ba an ɗauke masa alƙalami. Ciyar da shi yana kanka ko bayan ya balaga muddin ba ya iya nema da kansa, rabonsa na gado kuma cikakke ne, waliyyinsa ya riƙe masa.

Wallahu a'alam.